YADDA AKE ƊAURA SABON REDIYO A MOTA, DA KUSKUREN DA NA YI A MOTAR BABANA

A wannan mako ni aka ba filin darasi na allon jaridarmu, kuma na zaɓi in yi bayanin yadda ake cire tsohon rediyon mota a ɗaura sabo. Ni ɗan aji biyu ne, shekarata 13, a Gidan Dahala nake zaune. Ranar Asabar da lokacin hutu ina zuwa garejin Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke aikin rewaya, wato gyaran wutar mota. Wani abin a can na koye shi, wani kuma a darasin Fasaha na nan makaranta. Akwai kuma wanda kuskurena ne ya koya mini, da shi zan fara.

ABIN DA YA FARU

Babana direba ne. Yana da Golf 3, yana ɗaukar fasinja daga Sakkwato zuwa Illela. Rediyon da motar ta zo da shi na kaset ne, kuma ya daɗe da mutuwa. Baba mutum ne mai son jin labaru da karatun Alƙur'ani a hanya, don haka ya tara kuɗi ya sayo sabo, mai cin filash da memori, mai Bluetooth. Kawu ya ce zai zo ya ɗaura ranar Litinin. Ni kuwa na ƙosa. Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci na ce wa Baba ai na iya. Ya dube ni ya ce, "To, gwada mu gani. Amma kada ka yanke mini waya ko guda."

Na zare tsohon, na cusa soket ɗin sabon, na murɗa makulli, sai ga Rima Rediyo yana magana tar. Murna ta kama ni. Amma da na zare makulli na sake mayarwa, sai na ga rediyon ya manta duk tashoshin da na ajiye, agogonsa ma ya koma sifili. Na sake gwadawa, haka dai. Sai na yi dabarar kaina. Na feɗe bawon jar waya da mai ruwan ɗorawa, na murɗe su tare a kan wayar da na ga tana da wuta kullum. Rediyo ya daina mantuwa. Na rage murya har ƙasa, na zare makulli, muka lulluɓe motar da tamfol.

Ranar Asabar Baba bai fita ba, ya je ɗaurin aure. Ranar Lahadi kuwa ita ce ranar kasuwar Illela, ranar da direbobin hanyar suka fi samun fasinja. Bayan sallar Asuba Baba ya murɗa makulli, mota ko tari ba ta yi ba. Maƙwabta da suka fito masallaci suka tura ta har ƙarshen layi, ta ƙi tashi. Sai da Kawu ya ɗauko wani batir a kan kabu-kabu. Kafin Baba ya isa tasha layinsa ya wuce, ya rasa lodin safe. A ranar sawu ɗaya kawai ya yi, kuma na ga yadda Inna ta rage cefane.

Da Kawu ya zaro rediyon ya ga aikina, sai ya ce, "Kai yaro, wa yac ce ka game su wuri guda?" Na yi shiru. Baba bai doke ni ba. Cewa ya yi, "Tsaya nan kusa ga Kawunka ka ga yadda za shi gyara." Ga abin da na gani, na kuma fahimta.

YADDA WUTA KE TAFIYA A MOTA

Malaminmu na Fasaha ya koya mana cewa wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami zagaye cikakke, ta fita daga batir, ta ratsa abin da za ta kunna, ta koma batir. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Idan inji na aiki yakan hau zuwa kusan bolt 14, saboda ana yi masa caji. Yana da kai biyu, mai alamar tarawa (+) da mai alamar ɗebewa (−).

Abin da ya bambanta mota da fitilar da muka haɗa a aji shi ne, a mota an ɗaure kan ɗebewa da ƙarfen jikin motar. Ke nan duk ƙarfen motar ya zama hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Shi ya sa idan waya mai wuta ta feɗe ta taɓa ƙarfe, sai ka ga tartsatsi, fis ya ƙone. In babu fis, wayar ta yi ja, ta narke, mota ta iya kamawa da wuta. Bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma batirin mota yana da ƙarfin da zai mai da sifana jawur cikin ɗan lokaci. Kada wani ya raina shi.

KAFIN A SAYI REDIYO

Na farko, a auna ramin. Girman rediyon mota iri biyu ne aka fi sani, kuma daga Jamus aka samo ma'aunin. Ƙaramin yana da faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50, shi ne irin na Golf 3. Babban, wanda yawanci ke da allo, faɗinsa 180 ne, tsayinsa 100. A tafi kasuwa da awo a rubuce.

Na biyu, a duba iyakar tashoshin da yake kamawa. A ƙasarmu gidajen FM suna tsakanin 87.5 da 108. Amma tsofaffin rediyoyin da aka yi don a yi amfani da su a cikin Japan, daga 76 suke farawa su tsaya a 90. In ka sayi irin wannan cikin kayan gwanjo, ba za ka kama Rima Rediyo a 97.1 ba, ko Garkuwa a 95.5, sai an ƙara masa wata 'yar na'ura.

Na uku, kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta wat 50 sau 4, wato wat 200. To mu yi lissafi. An koya mana cewa wat shi ne bolt sau amfiya. Fis ɗin da ke bayan yawancin rediyoyi na amfiya 10 ne. Bolt 12 sau 10 ya ba mu wat 120. Wannan ita ce duk wutar da rediyon zai iya ja kafin fis ya ƙone, kuma wata ma zafi take zama. Ke nan ba zai iya ba da wat 200 yana ɗorewa ba. Ƙarfinsa na gaskiya bai wuce wat 20 ko kusa da haka ga kowace sifika ba, kuma wannan ya isa ƙaramar mota.

Na huɗu, a tuna da garinmu. Ƙurar hunturu tana saurin lalata idon da ke karanta faifan sidi. Kawu ya ce ga mai bin hanyar ƙauye, mai cin filash ya fi ƙarko, domin babu abin da ke juyawa a cikinsa.

KAYAN AIKI

Ana buƙatar sifana, yawanci lamba 10, don kwance kan batir. Sai sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, baƙin salatif, da farin salatif na takarda da biro don rubuta sunan kowace waya. Sai ƙarafuna biyu sirara da ake cusawa a jikin tsohon rediyo a zaro shi. Sai ƙaramin batirin tocila na bolt 1.5. Mafi muhimmanci ita ce fitilar gwaji, wato ƙwan mota na bolt 12 da aka ɗaura wa wayoyi biyu. Wanda ke da mita ya fi.

LAUNUKAN WAYOYI

Kamfanonin da ke yin rediyon sayarwa, irin su Pioneer da Sony da Kenwood da JVC, kusan launi ɗaya suke bi. Ga su:

Mai ruwan ɗorawa: tana son wuta kullum, ko da makulli ko babu. Ita ke riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye.
Ja: tana son wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, ta ɗauke idan an zare shi. Ita ke ce wa rediyo ya tashi ko ya kwanta.
Baƙa: ita ce hanyar komawa, ana ɗaure ta da ƙarfen mota.
Shuɗiya: tana ba eriya mai aiki da wuta umarni. Shuɗiya mai farin layi kuma ta ƙarin na'urar ƙara sauti ce. In babu su, a rufe bakinsu da salatif.
Mai ruwan lemo: tana rage hasken fuskar rediyo idan an kunna fitilun mota da dare.
Farare biyu: sifikar gaba ta hagu.
Masu ruwan toka biyu: sifikar gaba ta dama.
Koraye biyu: sifikar baya ta hagu.
Shunayya biyu: sifikar baya ta dama.

A wayoyin sifika, wadda ke da baƙin layi a jikinta ita ce ta ɗebewa, marar layi ita ce ta tarawa.

A lura da kyau, waɗannan launukan na wayoyin rediyo ne. Wayoyin da ke cikin motar launinsu daban ne, kowane kamfani da nasa. A Volkswagen, misali, wayar komawa mai ruwan ƙasa ce, ba baƙa ba. Don haka ba a haɗa ja da ja don kawai sun yi kama. Sai an gwada.

MATAKAN AIKI

1. A nemi izinin mai mota, kuma a sami babba wanda ya san aikin ya tsaya kusa. A ajiye motar a inuwa, a ja birkin hannu, a zare makulli. Mai zobe ko agogon ƙarfe ya cire.

2. A kwance kan batir mai alamar ɗebewa, a kawar da wayar gefe. Shi ake fara kwancewa, kuma shi ne na ƙarshen mayarwa. Dalili kuwa, in ka fara da na tarawa, sifana ta kuskure ta taɓa ƙarfen mota, ka haɗa zagaye ke nan da hannunka.

3. A zaro tsohon rediyo a hankali. A cire soket da wayar eriya. Kada a fizga, domin robar tsohuwar mota ta sha rana, saurin karyewa gare ta.

4. A mayar da kan batir na ɗan lokaci don gwaji, bayan an tabbata babu waya a feɗe da ke taɓa wani abu. A ɗora waya ɗaya ta fitilar gwaji a ƙarfen mota, a riƙa taɓa bakunan soket da ɗayar. Wadda ta kunna fitila alhali babu makulli, ita ce mai wuta kullum. Wadda ba ta kunna ba sai da aka murɗa makulli, ita ce ta makulli. A manna wa kowace farin salatif a rubuta sunanta. Sannan a sake kwance kan batir.

5. A gano wayoyin sifika. A ɗauki wayoyi biyu da ake zaton na sifika ɗaya ne, a taɓa su da batirin tocila sau ɗaya a cire. Za a ji wata sifika ta yi ɗan ƙara, ka san tata ce. In ana ganin fatar sifikar kuma ta turo waje, to wayar da ke kan tarawar batirin ita ce ta tarawa.

6. A haɗa wayoyi. In soket ɗin mota da na rediyo sun dace, shi ke nan. In ba su dace ba, akwai mahaɗin da ake sayarwa wanda ke shiga tsakani, ya fi yanke wayar mota. In dole sai an haɗa da hannu, a murɗe sosai, a liƙe da darma, a naɗe kowace ita kaɗai. A Sakkwato zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, cikin mota a rufe kuma ya fi haka nesa. Salatif mai arha yakan saki ya bar waya tsirara, don haka a sayi mai kyau.

7. A ɗaure baƙar waya da kyau. In za a ɗaure ta a kusoshin jikin mota, a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes. In ba ta kamu ba, rediyo zai riƙa ɗaukewa a kan gargada, ko a ji ƙugi yana bin ƙarar inji.

8. A cusa wayar eriya, a mayar da kan batir, a gwada tun ba a tura rediyon cikin rami ba. A ji kowace sifika ita kaɗai, hagu da dama, gaba da baya. A ajiye tasha ɗaya, a zare makulli. Dole rediyo ya mutu, hasken fuskarsa ya ɗauke. A sake murɗawa. Dole tashar ta dawo. Wannan gwajin ne ni ban kammala ba.

9. A sa akwatin ƙarfen da ya zo da rediyo a cikin ramin, a lanƙwasa 'yan kunnuwansa su kama, a jera wayoyi a baya don kada a matse su, a tura rediyon har ya yi ƙas.

TO MENE NE KUSKURENA?

A soket ɗin wutar rediyo akwai bakuna 8. A tsarin da masu yin rediyo ke bi, baki na 4 shi ne na wuta kullum, na 7 kuma na makulli. Amma a motocin Volkswagen da Opel da yawa an juya su. Shi ya sa rediyon Baba ya yi ta mantuwa, domin mai ruwan ɗorawa ta faɗa kan wutar makulli. Maganin mai sauƙi ne. Jar wayar da mai ruwan ɗorawa kowace tana da ɗan mahaɗi a tsakiyarta. Kawu ya zare su, ya musanya, ya naɗe inda na feɗe. Ko minti biyar bai yi ba.

Ni kuwa da na haɗe su a kan wutar kullum, sai rediyon ya daina sanin an zare makulli. Muryarsa kawai na rage, shi yana nan a kunne ƙarƙashin tamfol. Ga lissafin da Kawu ya sa na yi a ƙasa da tsinke. Mu ce rediyo a kunne yana jan amfiya 1. Daga ƙarfe 3 na yammacin Juma'a zuwa ƙarfe 6 na safiyar Lahadi awa 39 ke nan. An rubuta 60 a jikin batirin, wato yana sabo zai iya ba da amfiya 1 na kusan awa 60. Na Baba kuwa tsoho ne, ba ya riƙe ko kusa da haka. Abin da ya rage bai isa ya juya inji ba.

ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a maye gurbin fis da zaren waya ko takardar ƙarfe ta kwalin sigari. Aikin fis shi ne ya ƙone don kada mota ta ƙone. In na amfiya 10 ya mutu, a sa na amfiya 10, a kuma nemi abin da ya kashe shi.

Ba a ɗaure wayar sifika da ƙarfen mota, kuma ba a haɗe wayoyin ɗebewa na sifikoki wuri ɗaya. Wannan yana ƙona cikin rediyon zamani.

Ba a jibga sifikoki biyu a kan waya ɗaya. Sifikar mota om 4 ce. In an haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa, sai su koma om 2. A dokar da masanin nan Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, in turjiya ta ragu da rabi, wutar da ake ja sai ta ninka. Rediyon zai yi zafi ya lalace.

Ba a taɓa wayoyi masu soket mai ruwan ɗorawa da ke kusa da sitiyari ko gaban fasinja. Na jakar iska ne, kuma fitilar gwaji tana iya sa jakar ta fashe a fuskar mutum.

Ba a yin wannan aiki a gida idan motar ta zamani ce wadda rediyonta ke haɗe da kwamfutar mota. A kai wa gwani. Haka kuma wasu rediyoyin asali suna kulle kansu idan an cire batir, sai an sa lambar sirri. A tambayi mai mota tukuna.

Daga ƙarshe, in an ɗaura, direba kada ya riƙa latse-latse yana tuƙi, kuma kada ya ƙure murya har ya kasa jin hon na bayansa.

KO KA SANI?

A shekarar 1930 wani kamfani a birnin Shikago na Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola. Ya karɓu ƙwarai, har daga baya kamfanin ya koma amsa wannan suna. Shi ne dai sunan da muke gani a jikin wasu wayoyin hannu.

KAMMALAWA

Rediyon Baba yana nan yana aiki. Makonni biyu bayan haka wani maƙwabcinmu ya kawo tasa motar gareji, Kawu ya miƙo mini fitilar gwaji ya ce in nemo masa wayar makulli, yana tsaye a kaina. Na nemo, na rubuta, shi ya haɗa. Ya ce saura in koyi liƙi da darma.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce mu riƙe darasin Fasaha da kyau, kuma wanda ke da inda zai koyi sana'a ranar da babu makaranta ya je. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tsaya ka tambayi na gaba da kai. Da na jira Kawu, ko na kira shi a waya, da Baba bai rasa lodin kasuwa ba.

TAMBAYOYI

1. Don me ake fara kwance kan batir mai alamar ɗebewa?
2. Wani rediyo yana manta tashoshinsa duk lokacin da aka zare makulli. Wace waya ce ba ta zauna daidai ba?
3. Rediyo yana da fis na amfiya 15, batir kuma bolt 12 ne. Wat nawa zai iya ja kafin fis ya ƙone?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a ba sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu manna sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya so.

 

Daga ɗalibin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida